Noman Inabi a Ƙasar Kano da Jigawa

Inabi tsiro ne mai yaɗo wanda ba ya iya tsayuwa da kansa sai ya sami abin kamawa. 'Ya'yansa suna fitowa nono-nono, kore ko ja ko baƙi. Sunan daga Larabci muka aro shi, haka ma zabibi, wato busasshen inabi, kuma an ambace shi a wurare da dama cikin Alƙur'ani mai girma. An fara nomansa dubban shekaru da suka wuce a yankin da ya haɗa Jojiya, Armeniya, gabashin Turkiyya da Iran, daga can ya bazu zuwa Masar da gaɓar Bahar Rum.

A Turai, manyan gonakinsa da yawa suna bin bakin koguna: Duro a Fotugal, Rayin da Mosel a Jamus, Ron da Garon a Faransa. Gangaren tuddan bakin kogi yana samun rana sosai, ruwa ba ya kwanciya a kansa, kuma kafin zuwan jirgin ƙasa kogin ne hanyar kai kaya kasuwa. Yawancin inabin can giya ake yi da shi. Manomin Kura ko na Haɗeja ba wannan yake nema ba: inabin ci da na zabibi ne nasa, irinsu daban, renonsu ma daban.

Yanayi da lissafin lokaci

A Turai sanyi ke sa kuringar inabi ta zubar da ganye ta yi barci, sannan ta farka ta yi fure. A nan ba mu da sanyin da zai yi wannan aiki, don haka almakashin manomi ne ke yinsa. Ranar da aka yi wa kuringa aski, wato aka datse rassanta, daga ranar lissafi ya fara. Wannan dabara ce ta sa inabi ya karɓu a Nashik da Sangli na ƙasar Indiya, da kwarin kogin Sao Faransisko a Birazil, kuma ita ake bi a Kudan ta jihar Kaduna, wadda ta yi suna da inabi a Arewa.

Babban abokin gabar inabi shi ne laima lokacin fure da nuna. Ƙasar Kano da Jigawa kuwa tana da rani mai tsawo, daga Oktoba zuwa wajen Mayu babu ruwan sama, ga hasken rana, ga sanyin dare na hunturu da ke taimaka wa launi da zaƙi. Duk wanda ya tsara aikinsa yadda fure da 'ya'ya za su faɗo cikin rani, ya ci rabin yaƙin.

Ƙasa da ruwa

Inabi yana son ƙasa mai zurfin aƙalla mita 1 wadda ruwa ke tsanewa cikinta da wuri. Ƙasa mai rairayi da ɗan laka ta fi. Fadamar da ruwa ke kwanciya da damina tana ruɓar da saiwa cikin 'yan kwanaki. Rairayi zalla kuma ba ya riƙe taki, kuma a nan ne ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwa ƙulli suka fi yawa. Tun da duk amfanin da rani ake samunsa, kada a fara sai da tabbataccen ruwa, ko burtsatse ko hanyar ruwa irin ta Kadawa. Ban ruwa na ɗigo ya fi na kwarara, domin ba ya jiƙa ganye. Ruwa mai kanwa ko gishiri yana ƙona bakin ganye.

Dashe da rumfa

Ba a shuka ƙwallon inabi, don abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Reshe ake yanka wanda ya ƙosa ya yi ruwan ƙasa, kaurin fensir, tsawon santimita 25 zuwa 30, mai ido 3 ko 4. A dasa shi a leda cikin inuwa, a tabbata ba a juya kansa ƙasa ba, kuskuren da ke kashe dashe da yawa. Cikin wata 2 zuwa 3 ya isa kaiwa gona. Inda tsutsar saiwa ta yi yawa, a yi wa irin da ake so aure a kan gindi mai juriya kamar Dogridge. Cikin irin da suka saba da ƙasashe masu zafi akwai Thompson Seedless marar ƙwallo, da Bangalore Blue, da Anab-e-Shahi.

A haƙa rami santimita 60 ta kowace fuska, a cika da ƙasar sama haɗe da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen taki gara yake kirawowa. Tazarar mita 3 tsakanin layi da mita 2 tsakanin gindi tana ba da kusan gindi 1,660 a hekta. Rumfa ta kai tsayin mita 2, da dirkokin ƙarfe ko na siminti da waya mai ƙarfi. Dirkar itace tana da araha, amma gara kan cinye ta daidai lokacin da rumfar ta yi nauyi da 'ya'ya. A shekarar farko a bar tofo ɗaya tak ya hau sama, a riƙa cire na gefe, idan ya kai waya a datse kansa ya raba hannu biyu.

Aski

Sau biyu ake yinsa a shekara. Na farko bayan girbi da ɗan hutu, wajen Afrilu: a datse rassan da suka yi 'ya'ya a bar ido 1 ko 2, a ba da taki da ruwa, sabbin rassa su fito su ƙosa. Wannan askin ba na 'ya'ya ba ne, kuma duk nonon da ya ɓullo bayansa gara a cire shi, domin damina za ta lalata shi, ta kuma raunana gindin a banza.

Na biyu shi ne na 'ya'ya, ana yinsa da zarar ruwa ya ɗauke, cikin Oktoba. Yawan idon da za a bari ya danganta da iri. Bangalore Blue yana yin 'ya'ya kusa da gindin reshe, ido 3 zuwa 4 sun isa. Thompson Seedless idanunsa masu 'ya'ya suna can gaba, wanda ya datse shi gajere ganye kawai zai gani. A zage ganyen da ya rage. Manyan gonaki suna shafa wani sinadari mai suna haidirojin sayanamaid a kan ido don su tsage lokaci guda. Guba ce mai ƙarfi, ba a taɓa ta sai da safar hannu da takunkumi. Ido yana tsagewa cikin mako 1 zuwa 2, fure ya biyo bayan kusan mako 5 zuwa 6 daga aski. Idan nono ya yi yawa a rage, kuma a tsinke wasu 'ya'yan cikin nonon da ya cushe. Kwaɗayin barin duka shi ke kawo ƙananan 'ya'ya masu tsami.

Cututtuka da ɓarna

Da damina fumfuna takan kama ganye: tabo rawaya kamar na mai a sama, farin gashi a ƙasa. Maganinta na tun tuni haɗin Bodo ne, wanda aka gano a Faransa a shekarun 1880: kilo 1 na kofa salfet (shuɗin sinadari mai ɗauke da jan ƙarfe), kilo 1 na laim (farar hodar kalsiyam, ba lemun tsami ba), lita 100 na ruwa. A narka kowanne daban a robar filastik kafin a haɗa, a fesa ranar da aka haɗa. Da hunturu wata fumfunar ke zuwa mai kama da toka, tana tsaga 'ya'ya. Farar wuta ke maganinta, amma da sassafe ake fesawa, don cikin zafin rana takan ƙona ganye.

Akwai ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. Inabi ba ya jure maganin ciyawa na 2,4-D da ake fesa wa shinkafa da masara. Iska kaɗai ta ɗebo shi daga gonar maƙwabci, sai ganye ya murɗe ya tsuke. Injin feshin da ya taɓa ɗaukarsa kada ya shiga gonar inabi. Tsuntsaye da jemagu kuwa sai raga.

Girbi

Daga askin Oktoba zuwa nuna ana ɗaukar kwana 120 zuwa 150, wato Fabrairu zuwa Maris. A rage ban ruwa idan 'ya'ya sun fara taushi, domin ruwa mai yawa bayan ƙishi yana fasa su. Inabi ba kamar mangwaro ba ne, ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, saboda haka a ɗanɗana ƙwayar da ke can ƙarshen nono kafin a yanka. A yanka da almakashi da sanyin safiya, a riƙe ta kara don kada farin ƙurar da ke jikin 'ya'yan ya goge, a jera a kwali marar zurfi. Wanda zai kai Kasuwar 'Yan Lemo a Kano ya yi lodi da dare ko da asuba. Abin da bai sayu ba a shanya shi a inuwa mai iska. Kusan kilo 4 na ɗanye ke ba da kilo 1 na zabibi.