Allurar ciwon huhu da dokar maganin yara kyauta: me ya sa ɗan ƙauye ya fi kowa buƙatarsu

Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yaron da bai kai shekara 5 ba a likitocin gwamnati. Ita ce dokar da ma'aikatan lafiya ke kira gratuwite. A ƙa'ida, uwar da ta kawo ɗanta ƙaramar likitar ƙauye, ko CSI, wato likitar da ke sama da ta ƙauye, ko asibitin gunduma, ba ta biyan kuɗin ganin majo, wato shugaban ma'aikatan likitar, ba ta biyan magungunan da ke cikin jerin na gwamnati, kuma in an ba yaron gado ba a cajinta. Likita ce ke rubuta abin da ta kashe, daga baya gwamnati ta mayar mata. Allurar rigakafi kuwa tana ƙarƙashin wani tsari nasa daban, wato PEV, shirin rigakafi na ƙasa, ita ma ba a biyan ko dala. Waɗannan biyu tare suke aiki, kuma babu inda hakan ya fi fitowa fili kamar a kan ciwon huhu, wanda wasu ke ce wa limoniya, wasu ciwon haƙarƙari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 wannan ciwo ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000, kashi 14 cikin 100 na duk mace-macen yara masu wannan shekaru. Ƙwayoyin cuta biyu ne suka fi yin kisa: numokok da wadda ake kira Hib. Rigakafin Hib yana cikin allurar Penta, mai kare yaro daga cuta biyar, wadda Nijar ta fara bayarwa a 2008. Ta numokok, wadda ake rubuta Pneumo a karnen yaro, ta shigo a 2014.

Jadawalin ba shi da wuya. Ana yi wa jariri Penta da Pneumo yana da sati 6, a sake a sati 10, a cike ta uku a sati 14, kowace a cinyarta daban. Tsakanin allura da allura kada ya gaza sati 4. Yana cika wata 9 sai allurar ƙyanda, sannan ta biyunta a cikin shekararsa ta biyu, ranar da ma'aikaci zai rubuta a karne. Kada a raina ta ƙyanda a wannan magana, domin yawancin yaran da baƙon dauro ke kashewa ta huhu yake kama su. Haka ma tarin shiƙa, wanda rigakafinsa ke cikin Penta.

Abu uku ke sa iyaye su yanke a tsakiya, kuma duk ukun suna da amsa. Wata uwar ta ga zazzaɓi da kumburin cinya bayan ta farko sai ta ce ba za ta koma ba. Wannan zafin jiki kwana ɗaya ne ko biyu, nono da paracetamol gwargwadon nauyin yaron sun ishe shi. Wata ta makara da wata biyu ko uku saboda aikin gona, tana jin kunyar a yi mata faɗa, ko tana zaton sai an sake daga farko. Ba a sakewa. Inda aka tsaya nan ake ɗorawa. Wata kuma yaron ne ke ɗan mura ko zawo ranar awo, sai ta bar shi gida. Mura da ƙaramin zazzaɓi ba sa hana allura. Yaron da ke kwance rai a hannun Allah ne kawai ake jinkirta wa, kuma majo ne mai yanke wannan.

Yanzu ga abin da ya kamata kowane mai gari da kowane uba ya fahimta. Allurar iri ɗaya ce a birni da ƙauye, amma yawan rayukan da take cetowa ba ɗaya ba ne. A ɗauki jarirai biyu, kowane wata 7, numokok ya kama su dare ɗaya cikin hunturu. Ɗaya yana unguwar Zariya cikin garin Maradi. Kafin hantsi an ɗora shi bisa kabu-kabu, an auna shi, an fara ba shi amoxicilline, in numfashi ya ƙi a miƙa shi babban asibiti inda akwai iskar oksijin. Ɗayan yana wata tunga a arewacin Dakoro. Uwarsa za ta jira mai gida ya dawo ya ba da izini, a nemi amalanke ko kuɗin man babur, wataƙila a fara gwada jiƙo da turare tukuna. Ga tamowa ta riga ta raunana shi, ga hayaƙin kara da yake shaƙa yana goye a baya kullum ana tuwo, ga ƙurar hunturu. Na farko ko bai yi allura ba akwai abubuwa da yawa da za su tare shi kafin ya faɗi. Na biyu, allurar nan uku da ke cinyarsa kusan su kaɗai ne katangarsa.

Abin da aka auna a wasu ƙasashe ya nuna haka. Barazil ta shigo da allurar numokok a 2010. Kafin lokacin, mace-macen yara daga ciwon huhu sun riga sun ragu ƙwarai a cikin shekara 30, saboda abinci da ilmin mata da asibitoci sun inganta. Da masu bincike suka duba abin da allurar ta ƙara, sai suka ga a ƙasar baki ɗaya ragin bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Amma a gundumomin da talauci ya yi katutu kuma uwaye ba su yi makaranta ba, ragin ya kai kashi 16 zuwa 24. A gabashin Gambiya, yankin karkara mai kama da namu, gwajin da aka yi a kan yara fiye da 17,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2005, ya nuna ciwon huhun da hoto ya tabbatar ya ragu da kashi 37, mutuwar yara kuma, ko mene ne sanadinta, ta ragu da kashi 16.

Shi ya sa kyautar take da ma'ana. A Amurka allura guda ta numokok ta haura dalar Amurka 100. Ƙasashe irin Nijar suna samunta a dalar Amurka 2 zuwa 3 da ɗoriya ta hanyar ƙungiyar Gavi, mai taimaka wa ƙasashe marasa ƙarfi sayen allurar rigakafi, gwamnati tana zuba nata ɗan kaso. Da a ce iyaye ke saye, da ƴaƴan masu hali ne za su samu, wato waɗanda suka fi kowa hanyar tsira ko ba ita.

Sai dai kyauta a takarda ba ta kai allura rugga. Tsarin PEV ya kasa aikin gida uku: wanda ke cikin kilomita 5 daga likita shi zai zo da ƙafarsa, tsakanin 5 da 15 ma'aikaci ke fita da babur, abin da ya wuce 15 sai tawaga da mota. Fitar nan ita ce ke fara tsayawa in babu mai, ko damina ta yanke hanya, ko rashin tsaro ya hana shiga wasu garuruwan bakin iyaka ta wajen Madarunfa da Gidan Rumji. Ke nan yaron da allurar ta fi yi wa amfani shi ne ya fi saurin rasa ta. Mai gari da kwamitin lafiya suna da hurumin tambayar majo ranar da za a zo garinsu, su sa a yi shela, su kuma kai kuka gunduma in wata ya wuce ba a ga kowa ba.

Akwai kuma sha'anin sanyi, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Allurar tana son ma'aunin sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Kowa na tsoron zafin bazara, amma Penta da Pneumo ƙanƙara ce babbar abokiyar gabarsu: in kwalbar ta daskare sau ɗaya ta lalace, ko da ta narke ta koma kamar lafiya lau. Don haka ma'aikacin kirki ba ya ɗora kwalba kai tsaye a kan ƙanƙarar akwatinsa, sai ya bari ta fara narkewa har ya ji ruwa na motsi a ciki. Yana kuma duba ɗan tambarin da ke jikin kwalbar, wanda ke yin duhu in zafi ya taɓa ta.

Ɓangaren magani shi ma yana da nasa rauni. An daɗe ana kukan jinkirin mayar wa likitoci kuɗinsu, kuma in kuɗi bai dawo ba kantar magani takan bushe, sai a miƙa wa uwa takarda ta je ta saya. Haƙƙin yaron bai faɗi ba don haka ta faru. Ta tambaya ko akwai makamancinsa a likitar, ta kuma sanar da kwamitin lafiya. Abin da bai kamata ba shi ne a koma gida hannu rabbana, ko a sayi rabin magani a tebur.

Allurar Pneumo da aka fara da ita tana kare nau'i 13 ne daga cikin nau'o'in numokok fiye da 90, kuma akwai ciwon huhun da ƙwayar bairos ke kawowa wanda ba ta taɓa shi. Yaron da ya cika allurarsa yana iya kamuwa. Saboda haka duk yaro mai tari a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur, yana kwance ba ya kuka, an ɗaga rigarsa. Ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, a kai shi likita a ranar. A garuruwan da ke nesa, wakilin lafiya na gari da aka horar yana iya ƙirgawa ya fara ba da amoxicilline mai narkewa a cokalin ruwa ko nono, safe da yamma, har a cika kwanakin da aka faɗa ko da yaron ya miƙe yana wasa. Amma jaririn da bai kai wata 2 ba, da yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko jijjiga ta kama shi, ko ya yi laushi ba a iya tada shi, waɗannan ba na wakili ba ne. A nemi abin hawa a nufi CSI ko da tsakar dare ne, kuma a tafi da karnensa.