Waiwaye: Yadda gwamnatoci ke kama mutum daga sararin sama

Ranar 23 ga Mayun 2021 jirgin fasinja na Ryanair ya tashi daga Atina zai je Vilnius. Yana cikin samaniyar Belarus aka gaya wa matuƙin wai akwai bam a ciki, aka tayar da jirgin yaƙi ƙirar MiG-29, jirgin ya sauka a Minsk, babban birnin ƙasar. Bam dai ba a gani ba. Waɗanda aka tsare su ne ɗan jarida mai sukar gwamnati Roman Protasevich da budurwarsa Sofia Sapega. Tarayyar Turai ta haramta wa jiragen Belarus ratsa samaniyarta, kuma a 2022 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce da gangan aka ƙirƙiri labarin bam ɗin.

Nan take Rasha ta tuna wa Turawa Evo Morales. A Yulin 2013 shugaban na Bolibiya yana dawowa daga Mosko, sai Faransa da Sifaniya da Fotugal da Italiya suka hana jirginsa wucewa, bisa zargin ya ɗauko Edward Snowden, Ba'amurken da Amurka ke nema saboda fallasa asiran leƙen asirinta. Dole ya sauka a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya kwana a filin jirgi. Snowden kuwa ba ya ciki, har Faransa ta ba da haƙuri.

A doka akwai bambanci. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa iko a kan samaniyarta, jirgin gwamnati kuma sai da izini yake ratsawa. Rufe ƙofarka daban, yaudarar matuƙi da rayukan fasinjoji sama da 100 don ka kama mutum ɗaya daban. Sai dai nufin ɗaya ne, a samu wanda ake nema.

Kuma abin da Minsk ta yi ba sabo ba ne. A Oktoban 1956 Faransa ta karkatar da jirgin da ya ɗauko Ahmed Ben Bella da abokansa, jagororin gwagwarmayar 'yancin Aljeriya, daga Rabat zuwa Tunis, ta sauke su a Aljiyas, suka zauna a tsare har 1962. A 1971 Gaddafi ya tilasta wa jirgin BOAC na Ingila sauka a Bengazi, ya miƙa wa Numairi, shugaban Sudan na lokacin, hafsoshin ƙasar biyu da ke cikin jirgin, masu hannu a juyin mulkin da aka yi masa, aka harbe su. A 1985 jiragen yaƙin Amurka suka tare jirgin EgyptAir da ke ɗauke da waɗanda suka yi fashin jirgin ruwan Achille Lauro, suka kai shi sansanin Sigonella a Italiya. Ba wanda ya rufe wa jiragen Amurka samaniya a kan haka.