Kafin a sallamo tsohonku daga asibiti a Ingila, ku nemi OT

A watan Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta fitar da shirin shekara goma na gyaran hukumar lafiya ta NHS a Ingila. Ɗaya daga cikin ginshiƙansa shi ne rage kwanciyar asibiti, a mayar da jinya unguwa da gida. Ga iyalanmu mazauna can, ma'anarsa ita ce da zarar likita ya ce jiki ya daidaita za a sallamo Baba ko Inna, kuma sau da yawa sai an koma gida ake auna irin taimakon da suke buƙata. Cikin masu wannan awo, babba shi ne ma'aikacin farfaɗo da ayyukan yau da kullum, wanda a asibiti ake kira OT.

Ba shi ne mai gashin ƙashi ba. Mai gashi ƙarfin gaɓoɓi da tafiya yake dubawa. OT kuwa tambayarsa ita ce: da wannan jikin, bayan shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu, mutum zai iya tashi daga gado, ya kewaya, ya yi wanka, ya sa riga?

A nan muke kuskure. Tsoho na jin nauyin baƙo, sai ya ce komai lafiya lau. 'Ya'ya kuma su ce "muna nan, za mu kula da shi", alhali kowa na fita aiki da sassafe. Abin da aka faɗa shi ake rubutawa, taimakon kuma bai wuce abin da aka rubuta ba. Ku kwatanta ranar da jikin ya fi tsanani. Ku ambaci alwala da tsarki da buta, domin ma'aikacin ba lallai ya san ana ɗaga ƙafa sau da dama a rana a kan jiƙaƙƙen daɓe ba. In ya sani, zai kawo kujerar wanka, ya nuna inda za a kafa ƙarfen dafawa. Mace tana iya roƙon a turo mata mace.

Zai auna daga bayan gwiwa zuwa ƙasa don sanin tsayin kujera da gado da masai. Mazaunin ƙarin tsayin masai yakan zo santimita 5, 10 ko 15. In ya yi ƙasa tashi ya gagara, in ya yi sama ƙafa ta bar ƙasa. Ƙarfen dafawa a jikin bango mai ƙwari ake ɗaure shi da kusoshi. Mai mannewa da iska da ake sayowa a intanet yakan saki daidai lokacin da aka ɗora masa nauyi. Darduma kuma a naɗe ta bayan sallah, sandar tafiya na harɗewa da ita.

Batun kuɗi: taimakon farfaɗowa a gida kyauta ne har zuwa mako shida. Kayan taimako da ƙananan gyare-gyaren da ba su wuce fam 1,000 ba, ƙaramar hukuma ke bayarwa idan awo ya nuna buƙata. Babban aiki, kamar na'urar hawa bene ko sauya banɗaki, yana da tallafi har fam 30,000, amma ana duba ƙarfin aljihun mai nema in ba yaro ba ne. Kada ku kira magini kafin takardar amincewa ta fito, don wanda ya fara aiki yana iya rasa tallafin baki ɗaya.