Yadda yaƙi ke raba mutum da mutuntakarsa: tambayoyi da amsoshi

Ta ina abin yake farawa?

Daga fatar baki, tun ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Mutum yana jin nauyin kashe ɗan Adam irinsa, shi ya sa ake fara sauya wa wanda za a kashe suna. A Ruwanda gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan Tutsi "inyenzi", wato kyankyasai. A 1994 aka hallaka mutum kusan 800,000 cikin kwana 100, galibi da adda, sau da yawa ma a hannun maƙwabta. 'Yan Nazi na Jamus kuwa da ɓeraye suka kwatanta Yahudawa. Wanda aka cusa wa cewa ƙwaro ne a gabansa, gani yake share gida yake yi.

Horon soja yana da hannu a ciki?

Ƙwarai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu rundunar sojan Amurka ta rage koyon harbi a kan allo mai zagaye, ta koma allo mai siffar mutum, wanda ke ɗagowa farat ɗaya, ya kife in an same shi. Idan an maimaita haka sau ɗaruruwa, yatsa kan riga tunani isa kunamar bindiga. A fagen daga wannan na ceton ran soja. Inda ake samun matsala shi ne shingen bincike da dare: mota ta taho ba ta rage gudu ba, soja ya kwana biyu bai runtsa ba, ƙila kuma iyali ne a ciki, direba bai ga alamar tsayawa ba.

Ba dai mugaye ne kawai ke aikata ta'asa ba?

Da haka ne da abin ya zo da sauƙi. A Yulin 1942, a garin Józefów na ƙasar Polan, kwamandan wata bataliyar 'yan sandan Jamus mai mutum kusan 500 ya ba wa waɗanda ba za su iya harbin Yahudawan garin ba damar janyewa. Kimanin goma sha biyu ne suka fito nan take. A ranar aka harbe Yahudawa kusan 1,500. Yawancin 'yan sandan magidanta ne daga birnin Hambog. Abin da ya riƙe su shi ne bin umarni, da kunyar a ce sun bar wa abokansu aikin.

Farar hula fa?

Sunansu kan ɓace su koma lamba: adadin gawa, lambar katin abinci, layi a sansanin gudun hijira. Su ma zuciyarsu kan bushe. Wanda ya daɗe cikin yunwa da tsoro yakan tsallake gawa a hanya bai waiwaya ba.

In soja ya dawo gida, shi ke nan ya warke?

A'a. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya ciwon firgita bayan bala'i cikin kundin cututtukansu: mugun mafarki, zabura in an buga ƙofa, saurin fushi, gudun jama'a. Akwai kuma raunin lamiri, wanda ya fi wuyar magani, domin tushensa nadamar abin da mutum ya aikata ne ko ya gani ya yi shiru. Magani kaɗai ba ya isa. Sai ya sami wanda zai saurare shi ba tare da ƙyama ko kirari ba.

Me ke taka wa abin birki?

Sashe na 3 da ke cikin duk Yarjejeniyoyin Jeniba huɗu na 1949 kan dokokin yaƙi ya haramta kisa, azabtarwa da wulaƙanta duk wanda ba ya yaƙi, har da sojan da ya ajiye makami. Amma doka sai da mai riƙe ta: umarni bayyananne kan wanda aka halatta harbi, hutu ga sojan da ya gaji, hukunta ƙaramin laifi tun daga marin fursuna na farko, da daina auna nasara da yawan gawa irin yadda sojojin Amurka suka auna ta a yaƙin Biyetinam. A ƙauyen My Lai na Biyetinam, ranar 16 ga Maris 1968, sojojin Amurka sun kashe ɗaruruwan ƙauyawa. Matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, ya sauke jirginsa tsakanin sojojin da mutanen da suka rage, ya sa aka kwashe su, sannan ya kai rahoto ga manyansa.