Kai iyali ganin ƙanƙarar Alaska a jirgin ruwa: tambayoyi da amsoshi

Gaɓar kudu maso gabashin Alaska, yankin da Amurka ta saya daga hannun Rasha a 1867, tsibirai ne da duwatsu da kogunan ƙanƙara masu gangarowa har cikin teku. Yawancin garuruwan wurin mota ba ta zuwa, har da Juneau babban birnin jihar, sai dai jirgin sama ko na ruwa. Shi ya sa masu son kai iyalinsu can suka fi bin jiragen ruwa na yawon buɗe ido. Ga amsar abubuwan da magidanci kan so ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa.

Wai mene ne ake zuwa gani?

Dusar ƙanƙara ce da ta yi shekaru aru-aru tana taruwa a kan duwatsu. Ta sama tana danne ta ƙasa har ta dunƙule ta yi tauri, sannan nauyinta ya sa ta riƙa malalowa a hankali ta bin kwari. Inda ta iske teku sai ta tsaya gagau. Wadda ake kira Margerie, fuskarta ta kai kimanin mita 60 a saman ruwa. Jikinta shuɗi ne, domin ƙanƙara mai tauri tana shanye jan haske ta bar shuɗin. Lokaci zuwa lokaci wani ɓangare kan ɓalle ya rufta cikin ruwa da ƙara irin ta aradu, kuma wannan ne kowa yake tsaye yana jira.

Duk jiragen wuri ɗaya suke zuwa?

A'a, kuma a nan ne mutane suka fi yin zaɓen tumun dare. Sai a ruɗu da girman jirgi da wuraren wasan da ke cikinsa, a manta da duba inda zai bi. Ni a ganina, ku fara zaɓen ƙanƙarar da kuke son gani, sannan ku nemi jirgin da ke zuwa wurinta.

Gandun Glacier Bay shi ne kan gaba. Hukumar gandun ba ta barin manyan jirage fiye da 2 su shiga a rana, don haka ba kowane kamfani ke da izini ba. Princess da Holland America sun daɗe suna shiga. Da sassafe jami'an gandun kan zo a ƙaramin jirgi su hau naku, su wuni suna bayani. A gaban Margerie jirgi kan tsaya kusan awa guda, matuƙi yana juya shi don mutanen kowane ɓangare su gani. Tarihin wurin ma abin a faɗa wa yara ne: sa'ad da George Vancouver, matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, ya bi ta wurin a 1794, ƙanƙara ta cike kusan duk mashigin, yau kuwa ta ja da baya kimanin kilomita 100. Ƙasar kakannin mutanen Huna Tlingit ce, waɗanda ƙanƙarar ta kora daga gidajensu lokacin da ta taso.

Akwai kuma Hubbard, mai tsawon kilomita 120 da ɗoriya, wadda ta fi duk ƙanƙarar da ke taɓa teku girma a Amurka ta Arewa. Wasu jiragen kuma siraran mashigai suke shiga, irin su Endicott Arm, inda tarin ƙanƙara a kan ruwa kan hana jirgi matsawa kusa wani lokaci.

Daga ina ake tashi?

Daga Seattle a Amurka ko Vancouver a Kanada, galibi tafiyar kwana 7. Na Vancouver sun fi bi ta tsakanin tsibirai inda ruwa yake kwance. Na Seattle kan fita buɗaɗɗen teku a ranar farko, wanda kan tayar wa wasu da zuciya. Akwai masu zuwa su dawo inda suka tashi, akwai masu sauke ku a tashar Seward ko Whittier a can Alaska ku hau jirgin sama daga birnin Anchorage. Ko wanne kuka ɗauka, ku isa garin kwana guda kafin ranar tashi.

Wane wata ya fi?

Ana yin tafiyar daga wajen Mayu zuwa Satumba. Mayu da Yuni sun fi ƙarancin ruwan sama. Yuli da Agusta ne lokacin hutun makaranta, lokacin da kifin salmon ke hawa rafuka, beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi, kuma na fitowa kamunsa, sai dai tsada da cunkoso. Satumba akwai sauƙin kuɗi, akwai kuma ruwa.

Maganar biza fa?

Da ita za a fara, kafin a biya ko sisi. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru yana bukatar bizar Amurka da ta Kanada duka biyu. Wata dokar Amurka ta 1886 ta sa dole jirgi mai tutar wata ƙasa ya tsaya a tashar waje, shi ya sa na Seattle ma sai sun yada zango a Kanada, yawanci a Victoria. Ko da ba ku da niyyar sauka, idan babu bizar Kanada ba za a bar ku ku hau ba. Tun 2025 kuma Amurka ta tsaurara ba da biza ga 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya, Nijar, Chadi da Sudan, saboda haka ku tabbatar da halin da ake ciki a ofishin jakadanci. Idan uwa ce kaɗai ko uba zai tafi da yara, a riƙe takardar amincewar ɗayan.

Ɗaki mai baranda ya cancanci kuɗinsa?

Idan akwai jariri ko dattijo da ba zai jure tsayuwa cikin iska ba, ƙwarai. In ba haka ba, daga saman jirgi an fi gani, kuma kyauta ne. Iyali mai yara da yawa gara su kama ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, su adana rarar don fita yawo a garuruwa. Ku sani farashin da ake tallatawa ba shi ne ƙarshe ba: akwai harajin tashoshi, tukuicin ma'aikata da ake lissafawa kan kowane mutum a kowace rana, intanet, da lemon kwalba. Asibitin cikin jirgi ma da kuɗi ne, masu yawa, don haka inshorar lafiya ta tafiya ba abin sakaci ba ce.

Yara ba za su gaji ba?

Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba, ko mai cikin da ya kai mako 24. Ɗakin wasan yara kan karɓa daga shekara 3. A ranar ƙanƙara dai kada ku bar su a can. Ku ba kowane yaro madubin hangen nesa ko da ƙarami ne, ku sa shi neman gaggafa a kan bishiya ko tururin numfashin kifin wel, ƙatuwar dabbar teku, a kan ruwa.

Sanyin watannin tafiyar a can kusan irin na daren tsakiyar hunturu ne a Jos, amma iskar da ke busowa daga kan ƙanƙara daban ce, tana ratsa ƙashi. Riguna a kan riguna, hula mai rufe kunne, safar hannu, da rigar ruwa ta gaske. Garin Ketchikan, inda jirage kan tsaya, na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara.

Abinci da salla?

Ku rubuta wa kamfanin tun makonni kafin tafiya cewa abincin halal kuke so. Ko bai samu ba, kifi da kayan lambu da shinkafa suna nan a wadace. A dai riƙa tambaya ko an sa giya ko naman alade a girkin.

Salla ce ke son shiri. A ƙarshen Yuni rana kan yi sama da awa 18 a Juneau, kuma jan gari ba ya gama ɓacewa kafin alfijir ya keto. Ku zauna da malaminku kafin ku tashi, ya warware muku batun lokacin isha da asuba, da kasaru da haɗa salloli. Alƙibla kuma daga can kusan arewa take sak.

Me za a yi a garuruwan da ake tsayawa?

A Juneau, ƙanƙarar Mendenhall tana nisan kimanin kilomita 20 daga tsakiyar gari, da hanyar ƙafa mai sauƙi zuwa magangarar ruwan Nugget, wadda yara za su iya bi. Daga Juneau ɗin ne kuma aka fi fita kallon wel. A Skagway, garin da ya bunƙasa lokacin rububin zinariyar yankin Klondike na Kanada a 1897 da 1898, akwai jirgin ƙasan White Pass da aka gama shimfiɗa layinsa a 1900, yana hawa kusan mita 900 a tafiyar kilomita 32. Idan ta hannun jirgi kuka sayi tikitin fita, zai jira ku in motar ta makara. Idan da kanku kuka shirya, ya fi arha, amma ba mai jiran ku, don haka ku koma tashar da saura awa guda kafin lokacin da aka rubuta a bakin ƙofa.