Me ake nufi da sojan doki?

Sojan doki shi ne mayaƙin da ke fita fagen daga a kan doki, wato barde. Kishiyarsa dakare, mai tafiya da ƙafa yana yaƙi da ƙafa, ko da yake yau 'yan jarida na kiran kowane irin soja dakaru. Mutane da yawa na zaton aikin barde bai wuce ya zare takobi ya yi sukuwa cikin abokan gaba ba. Akwai wannan, amma ba shi ne babban aikin ba. Sojan doki shi ne idon runduna: ya riga kowa isa wuri, ya gano inda maƙiyi yake da yawansa, ya hana shi ganin abin da ke bayansa, in ta kama ya tsare hanya har sojan ƙasa su iso.

A ganina babu inda wannan ma'ana ta fito fili kamar yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza tsakanin Arewa da Kudu daga 1861 zuwa 1865. A lokacin dogayen bindigogin sojan ƙasa sun fara cin nisa sosai, har mutum da dokinsa suka zama abin hari mai sauƙi tun kafin su matso. Dole mahaya suka sake salo.

Ranar 30 ga Yuni 1863, Janar John Buford na ɓangaren Arewa ya shiga garin Gettysburg a jihar Pennsylvania da birged biyu na mahaya. Ya duba tuddan da ke kewaye da garin, ya gane cewa duk wanda ya riga hawa kansu ya ci rabin yaƙi. Washegari da safe sojan ƙasa na Kudu ƙarƙashin Janar Henry Heth suka tunkaro daga yamma, sun ninka mutanensa. Buford bai ce a yi sukuwa ba. Ya sa aka sauka. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya ya kama linzamin dawaki huɗu ya koma da su bayan tudu, sauran ukun suka laɓe a bayan shinge da itatuwa suna harbi. Wannan dabara tana da tsada, don kuwa tun ba a harba harsashi ko ɗaya ba ka rasa kashi ɗaya cikin huɗu na masu harbinka. Abin da ya cike giɓin shi ne gajerun bindigoginsu da ake ɗurawa ta gindi. Mutum na kwance zai ɗura ya harba ya sake ɗurawa, alhali mai doguwar bindiga sai ya tura albarushi da harsashi ta baki da sandar ƙarfe, abin da ke da wuya a kwance.

Haka suka riƙa harbi suna ja da baya sannu a hankali, suna tilasta wa Heth ya tsaya ya jera mutanensa sahu-sahu, har sojan ƙasa na Janar John Reynolds suka iso da hantsi. An kashe Reynolds jim kaɗan da isowarsa, kuma da yamma 'yan Arewa sun fice daga garin. Amma inda suka koma su ne tuddan nan na kudu da gari, kuma Kudu ta yi kwana biyu tana kai hari ba ta karɓe su ba. Shi kuwa Janar Robert Lee, babban kwamandan rundunar Kudu, ya shiga wannan yaƙi kamar makaho, domin jagoran mahayansa, J.E.B. Stuart, ya yi nisa da wani zagaye, bai iso ba sai ranar 2 ga Yuli.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne na rana ta uku. Janar Kilpatrick, wani jagoran mahayan Arewa, ya umarci matashin janar Elon Farnsworth ya kai harin sukuwa kan sojan ƙasa na Kudu da ke fake cikin duwatsu da shinge. Farnsworth ya nuna rashin amincewarsa, amma ya bi umarni, aka harbe shi har lahira, ba a kuma ci komai da harin ba.

Saboda aikin ne ake ba da sunan, shi ya sa har gobe za ka ji ana ambaton rundunar sojan doki ta 1 ta Amurka, mai sansani a jihar Texas, alhali tankokin yaƙi da jirage masu saukar ungulu take amfani da su. A Birtaniya ma mahayan fadar sarki suna da ɓangare biyu: masu hawa doki a faretin bukukuwa, da masu sintirin leƙen asiri cikin motoci masu sulke.