Tattakin Hutun Rana a Wurin Aiki

Tattakin hutun rana shi ne 'yar tafiyar ƙafa da ma'aikaci ke yi a cikin lokacin da aka ware masa don cin abincin rana, galibi ta minti 10 zuwa 30, a harabar ma'aikata ko a titunan da ke kewaye da ita. Waɗanda suka fi bukatarsa su ne masu aikin zaune, irin su ma'aikatan ofis da na banki, waɗanda kan wuni a kan kujera ba tare da sun miƙe ƙafa ba.

Ɗaya daga cikin bincike na farko-farko da suka nuna illar dogon zama a wurin aiki shi ne wanda wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya wallafa a 1953. Ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na birnin Landan, waɗanda ke wuni a zaune, da kwandastocinsu da ke hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗin mota, sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, don haka tattakin rabin awa a ranakun aiki biyar ya isa ya cika mafi ƙarancin wannan adadi.

Abin da ya bambanta wannan tattaki da na asuba ko na yamma shi ne zuwansa bayan cin abinci. Idan mutum ya ci abinci mai sitaci, kamar shinkafa ko tuwo ko taliya, sukarin jininsa kan hau, ya kai ƙololuwa bayan kamar awa guda. In ya koma kujera nan take, nauyin sauke sukarin kan rataya ne kusan gaba ɗaya a kan insulin, wato sinadarin da jiki ke samarwa don daidaita sukarin jini. In kuwa ya tashi ya taka, manyan tsokokin cinya da na sha-raɓa kan janye sukari daga jini su ƙona shi, kuma tsoka mai motsi tana iya yin hakan ko da insulin ɗin bai wadata ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Otago ta New Zealand sun gwada wannan a kan mutum 41 masu ciwon sukari nau'i na biyu, inda suka gano cewa tattakin minti 10 bayan kowane cin abinci ya rage hawan sukari da kimanin kashi 12 cikin 100 fiye da tattakin minti 30 a lokaci ɗaya da ba a haɗa shi da abinci ba. Wannan sakamako ne da ya kamata ma'aikata su riƙe da muhimmanci, domin minti goma ba ta fi ƙarfin hutun kowa ba.

Akwai kuma amfaninsa ga hankali. Kasala da gyangyaɗin da kan sauko tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana ba daga abinci kaɗai suke ba, agogon jiki ma kan lafa a wannan lokaci, kuma motsi da hasken waje na taimakawa wajen wartsakewa. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2014 ya nuna cewa mutane sun fi kawo sababbin dabaru yayin da suke tafiya fiye da lokacin da suke zaune.

A Najeriya, sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikacin da ke aikin awa shida ko fiye hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. A ƙasar Hausa wannan hutu kan zo daidai da sallar Azahar, saboda haka da yawa daga cikin ma'aikata suna yin wani ɓangare na tattakin a hanyarsu ta zuwa masallaci da dawowa, musamman waɗanda suka bar babur ko mota a ajiye. Babban cikas shi ne yanayi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin tsakar rana a Sakkwato da Kano da Maraɗi kan wuce digiri 40, kuma doguwar tafiya a irin wannan rana na iya jawo ƙarancin ruwa a jiki da jiri. Abin da ya dace a lokacin shi ne zagaya baranda, ko hawa matakalar bene, ko bin inuwar darbejiya, tare da shan ruwa. A hunturu kuma ƙurar hazo ce ke takura wa masu asma.

Ana so tafiyar ta kasance ta tsaka-tsaki, wadda mutum zai iya hira a cikinta ba tare da haki ba, domin gudu da cikakken ciki na iya kawo ciwon ciki ko ƙwannafi. Masu allurar insulin da masu ciwon zuciya sukan fara neman shawarar likita, musamman masu allurar, saboda motsa jiki tare da insulin na iya saukar da sukari fiye da kima.